Sabuwar ƙafa a tsohuwar mota: Abin da ke ɓoye a bayan rim ɗin da ake yayi a Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya san titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san motocin da ke ɗauke da zirga-zirgar yankin. Golf 3 ce a kan gaba, sai Peugeot 406 da Sharan, da tsofaffin Honda da Mercedes, sai kuma jefi-jefi 504 wadda ta ƙi mutuwa.

Kusan dukkansu sun girmi ɗaliban da ke cika su a farkon kowane zangon karatu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. An fara ƙera Golf 3 a 1991, ita kuwa 406 a 1995.

Sai dai a cikin waɗannan tsofaffin motoci akwai masu tafiya da ƙafar da ba tasu ba. Jiki na shekara 30, rim kuwa mai sheƙi, na motar da aka ƙera shekara 10 ko 15 bayanta. Wani don ado ya sa, wani kuma don ita ya samu a kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne, a mafi yawan lokuta sabuwar ƙafar ba ta shiga sai an yi mata dabara, kuma a cikin dabarar ne matsalar take.

Me ya sa ake sauyawa?

Dalili na farko aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a watan Yunin shekarar, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Motar gwanjo daga Turai ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Kafin nan ma gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya.

Wanda ba zai iya sauya mota ba sai ya sauya mata kama, kuma babu abin da ke sauya kamannin mota nan take kamar rim. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan arahar ce ke yin adon.

Dalili na biyu kasuwa ce. Tayoyi da rim na gwanjo da ke isowa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, daga can su gangaro Katsina, suna fitowa ne daga motocin da Turai ke yarwa yanzu, ba waɗanda ta yar shekara 20 da suka wuce ba. Ƙananan ƙafafu masu inci 13 da 14 na raguwa, masu inci 16 da 17 na ƙaruwa.

Mai 504 ya fi kowa shan wannan wahalar. Motar da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika Arewa da ita tana da tsarin ramukan da kusan babu wata motar zamani da ke amfani da shi. Ko rim ɗin ƙanwarta 406 ba ya shiga.

Akwai kuma dalilin da direbobin hanyoyin karkara ke kafa hujja da shi, wato tsayi. Babbar taya na ɗaga mota daga ƙasa, kuma wanda ke shiga ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Zobe da damina ba ya raina ƙarin yatsa biyu tsakanin cikin motarsa da tudun hanya.

Lissafin milimita

Ƙafar mota ba ta dacewa da ido. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci: yawan ramuka da faɗin da'irar da suke kai, girman ramin tsakiya, zurfin zaman rim, da siffar mazaunin noti.

Idan aka ce Golf 3 tana da 4x100, ana nufin ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Golf 4 tana da 5x100, Golf 5 kuma 5x112. Peugeot 406 tana da 4x108, 407 tana da 5x108, 504 da 505 kuwa 4x140. Mercedes 190 da wadda ake kira V-boot suna da 5x112. Toyota Camry da Honda Accord ta 2003 zuwa sama suna da 5x114.3.

Rim mai rami biyar ba zai taɓa hawa hob mai rami huɗu ba, ko yaro ya gani ya san bai dace ba. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ya kusa dacewa.

Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kacal, wato kowace ƙusa ta kauce da ɗan abin da ya haura milimita ɗaya. Da ɗan goge rami da ƙarfin hannu, ƙafar za ta hau, noti zai ɗauru, motar za ta tashi lafiya. Amma kowace ƙusa tana zaune ne a karkace, tana lanƙwashewa kaɗan tana miƙewa a duk juyin taya. Tayar Golf na juyawa fiye da sau 500 a kilomita guda. Ƙarfe na gajiya kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta, kuma ba ya ba da sanarwa.

Ramin tsakiya ma haka. Na Volkswagen milimita 57.1 ne, na Camry 60.1, na Accord 64.1, na Mercedes 66.6. Rim ɗin Accord zai hau Camry domin ramukansu ɗaya ne, amma zai bar giɓin milimita 4 a tsakiya. Idan ba a sa zoben da ke cike giɓin ba, da wuya ƙafar ta zauna daidai a tsakiya. Daga nan ne ake samun rawar sitiyarin da ke farawa idan gudu ya kai 90 ko 100, wadda mai mota zai yi ta biyan kuɗin balansin a kanta ba ta tafi ba.

Idan kuma aka juya, rim ɗin Camry a kan Accord, ramin ya yi ƙanƙanta, sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa shi. Idan ma'aikacin ƙwararre ne kuma ya auna, aikin na iya yin kyau. Idan da giranda aka ci shi, an lalata rim ɗin.

Sai mazaunin noti, wanda shi aka fi mantawa da shi. Rim ɗin Volkswagen da Mercedes da Honda na asali na son noti ko ƙusa mai zagayayyen wuya. Na alminiyam ɗin Toyota da Peugeot na son mai shimfiɗaɗɗen wuya da wosha. Yawancin rim ɗin kasuwa kuwa mai tsinin mazurari suke so. Idan aka haɗa wuya da mazaunin da ba nasa ba, a siririn layi kawai za su taɓa juna. Zai yi kamar ya ɗauru, bayan kwana biyu ya saki.

Adafta ba ita ce mai laifi ba

Adafta faifan ƙarfe ne, galibi na alminiyam mai ƙarfi, da ake ɗaurawa a kan hob da ramukan tsohuwar mota, shi kuma yana ɗauke da nasa ƙusoshin da suka dace da sabon rim. A taƙaice, tafinta ne tsakanin mota da ƙafar da ba sa jin yaren juna.

A Turai da Amurka tsohuwar sana'a ce, kuma masu tsofaffin motocin tsere ne suka fi raya ta. Misalin da aka fi sani shi ne Porsche 911. Tsofaffin da sababbin duk suna da 5x130, amma rim ɗin waɗanda aka ƙera daga 1989 zuwa sama ya fi nutsewa ciki. Idan aka sa shi a tsohuwar kai-tsaye zai goga a jikin birki ko shokozoba, don haka ake sa faifai mai kauri ya turo shi waje. Haka matasan Jamus suka daɗe suna ɗora rim ɗin Porsche a kan Golf da adafta.

Abin lura a nan shi ne manufar. Faifan na mayar da tsakiyar taya ne inda masu ƙera motar suka ajiye ta tun farko. Ba turo ƙafa waje don ta yi kyau ba ne aikinsa na asali.

Kuma a Jamus ba a barin abin ga ra'ayin mai mota. Dole faifan ya zo da takardar gwajin da ta ambaci irin motar da aka yarda a sa masa, a lokuta da yawa kuma sai injiniyan hukumar duba motoci irin su TÜV ya gani ya sa hannu. Wanda ya sa ba tare da haka ba, izinin hawan motar kan titi na iya faɗuwa.

Don haka adaftar da aka ƙera da kyau, aka auna, aka ɗaure daidai, ta fi goge rami da cusa wosha aminci nesa ba kusa ba. Matsalar yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan Arewa, ita ce an ɗauko dabarar an baro sharuɗɗanta a can.

Sharaɗi na farko shi ne ƙarfen. Adafta ta gari ana yanko ta ne daga dunƙulen alminiyam da aka gasa ya yi tauri, irin wanda ake wa lamba 6061-T6, ƙusoshinta kuma masu lamba 10.9 a ka. Wadda aka zuba daga narkakken tarkace, irin yadda ake zuba tukunya, ido ba zai bambance ta da ta gari ba idan an goge ta, amma cikinta na iya zama da ƙananan kofofin iska. Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar ganewa, sau da yawa mai sayarwar ma haka.

Na biyu kauri. Domin kan notin ciki ya ɓuya a cikin faifan, adafta kan kai milimita 20 zuwa 25, wadda ke mayar da rami huɗu zuwa biyar ma takan fi haka ko ta zo gida biyu. Idan zurfin sabon rim daidai yake da na tsohon, faifai mai milimita 25 zai turo kowace ƙafa waje da wannan adadin. Motar ta ƙara faɗin santimita 5 ke nan.

A ido abin burgewa ne. A wajen boris kuwa ƙarin aiki ne. Mai ɗaukar jarkar ruwa ya san bambancin riƙe ta a jikinsa da miƙa hannu da ita, nauyin bai sauya ba amma kafaɗa ta san an sauya. Haka boris da bol-joyin ke ji. Sitiyari ma yakan ƙara fizga idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko aka taka birki a kan hanyar da gefe ɗaya kwalta ne, ɗayan ƙasa.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, yawan abin ɗaurewa ne. Golf 3 tana da ƙusoshi 16 a ƙafafunta huɗu. Idan aka sa mata adaftar rami biyar sun zama 36. Guda 16 daga ciki suna ɓoye a bayan rim, babu sifanar da za ta kai gare su sai an cire ƙafar. Direban da ke zagaya motarsa da safe yana taɓa noti, na waje kawai yake taɓawa.

Mota ɗaya, aiki biyu

Wanda ke sa adafta a tsohuwar Porsche a Jamus yana fitowa da ita ne ranar hutu, shi kaɗai ko da mutum ɗaya, a kan titi mai santsi. Golf ɗin haya a hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma wata rayuwa take yi daban. An ƙera ta don mutum biyar har da direba. A tasha kuwa abin da aka saba gani shi ne biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, ranar kasuwa har da akuya.

Wannan nauyin a kan ƙafafun baya yake sauka. Idan an turo su waje, taya na iya gogar bakin madigad duk lokacin da motar ta dira a rami, a hankali ƙarfen ya yanka gefenta. Gefen taya kuwa shi ne wurin da ba ya karɓar faci.

Girman tayar ma na da nasa lissafin. Tayar Golf 3 mai lamba 185/60R14 tsayinta wajen milimita 578 ne. Mai lamba 205/55R16, wadda ta cika kasuwa saboda motoci da yawa na amfani da ita, ta kai 632. Motar za ta ɗagu da milimita 27, abin da direban karkara ke nema. Amma agogon gudu zai fara yi masa ƙarya, idan ya nuna 100 motar na kusa da 109. Birkin da aka yi don ƙaramar taya zai ƙara wahala wajen tsayar da babba, injin zai ƙara nauyin tashi, man da ake kuka da tsadarsa zai ƙara tafiya a cikin gari.

Masu neman ado kuwa sukan bi ta ɗaya hanyar, babban rim da siririyar taya. Taya mai lamba 175/70R13 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 122, mai 225/40R18 kuwa 90. Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin rami da mota. Idan ya ragu, bugun na wucewa kai-tsaye zuwa rim. Na ƙarfe yakan lanƙwashe a buga shi ya koma. Na alminiyam yakan tsage, kuma wanda aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake, ko da an shafe wurin da fenti. Da yawa daga rim ɗin gwanjo sun riga sun sha irin wannan bugun kafin su iso.

A wannan yanki kuma lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci kawai ba ce. Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, kuma har yau direbobi na lissafin inda magariba za ta same su, musamman a ɓangaren Kankara da Safana. Ga wani abin da ba a cika tunawa ba: idan an sauya tsarin ramuka, tsohuwar safaya ba za ta hau adafta ba. Sai dai a kwance faifan a bakin hanya, idan akwai sifanar da ta dace da notin ciki da kuma tsofaffin ƙusoshin. Mai motar da bai tanadi safaya ta biyar mai sabon tsari ba, tafiya yake yi babu safaya ko da tana cikin but.

Wa ke dubawa?

A kan takarda masu duba mota suna da yawa. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, akwai jami'an VIO masu ba da takardar lafiyar mota, akwai KASSAROTA ta Jihar Katsina, akwai kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta yi ƙoƙari wajen wayar da kai a kan taya. Direbobi da yawa yanzu sun san lambobi huɗun da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Amma binciken bakin hanya a kan taya yake tsayawa. Jami'in da ke tsaye a rana ba zai sa a ɗaga mota a cire ƙafa don ya ga abin da ke bayanta ba, kuma ba adalci ba ne a ce ya yi.

A rahotannin haɗurra ma, rukunan da ake amfani da su irin su gudun wuce kima, fashewar taya, lalacewar birki, lodi fiye da kima da matsalar inji ne. Ƙafar da ta fice saboda ƙusa ta karye a cikin ɗayan waɗannan za ta ɓace. A gari kuma a ce tsautsayi ne, a yi wa juna jaje, a sayi wasu ƙusoshin irin na farko.

Hana abin gaba ɗaya ba zai yi aiki ba. Muddin ƙafar da ta dace da tsohuwar mota na ƙara wuya, mutane za su ci gaba da neman mafita, kuma haramci zai kore su ne daga adafta zuwa goge rami, wanda ya fi muni kuma ba a ganinsa.

Inda ya kamata a ja layi shi ne tsakanin motar gida da motar haya. Mai motar kansa da ya zaɓi ado ya san abin da ya sa. Fasinjan da ya biya kuɗin mota daga Kurfi zuwa Katsina bai zaɓi komai ba, bai ma san akwai abin zaɓa ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke rubuta lamba da tsara layi a tasha, ta fi kowace hukuma sanin motar da aka sauya wa ƙafa. Tana da ikon cewa motar da aka goge wa rami ba za ta yi lodi ba, kamar yadda take hana wanda bai biya kuɗin tikiti ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ma na iya sa mambobinta su daina karɓar aikin.

Sauran abin kayan aiki ne, kuma ba masu tsada sosai ba. Ma'aunin milimita na hannu zai nuna bambancin 112 da 114.3 cikin minti ɗaya. Sifana mai ma'aunin ƙarfi za ta ɗaure noti yadda kamfani ya ce, wajen 110 a ma'aunin Nm ga Golf 3, 103 ga yawancin ƙananan Toyota. Abin da aka saba gani a wurin masu faci shi ne a zura bututu a sifana, yaro ya hau ya yi tsalle har sai ta yi ƙara. Wannan ba ƙarin aminci ba ne. Ƙusar da aka ja fiye da ƙarfinta ta riga ta miƙe, saura karyewa.

Akwai kuma ƙa'idar da kowane bakanike zai iya riƙewa ba tare da littafi ba: ƙusa ta shiga aƙalla gwargwadon kaurinta. Mai kaurin milimita 12 ta kama milimita 12, wato juyi takwas cikakku a irin ta Golf 3. Rim ɗin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wurin ramuka, don haka tsohuwar ƙusa kan gaza, ta kama juyi uku ko huɗu kawai. Wanda ya ƙirga juyin da hannunsa kafin ya sa sifana zai gane.

Masu ƙera adafta da kamfanonin taya na ba da shawarar a sake ɗaure noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta farko, domin sabon haɗi yakan zauna ya ɗan saki. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina wajen kilomita 60 ne. Ga motar da aka sa wa adafta da safe, wannan na nufin idan ta sauke fasinja a Katsina sai a ɗaga ta a jak, a cire ƙafafun huɗu, a bi notin ciki 16 ɗaya bayan ɗaya kafin ta shiga layin dawowa.